Shekaruna da Baƙin da ke Gindin Ganga

Idan aka tambaye ni sana'ata nakan ce aikin man fetur nake yi, sai mai tambaya ya ɗauka ko rijiya nake haƙawa, ko kuwa ina da hannu a cinikin mai. Ba ko ɗaya. Rabona a ɗanyen mai shi ne ɓangaren da kowa ke gudu. Bayan matata ta zare gas, ta zare fetur da kananzir da dizal, akwai wani baƙin abu mai danƙo da ke saura a gindin hasumiyar tacewa, wanda ko an ƙara masa wuta ba ya tashi ya zama tururi, sai dai ya farfashe ya bar gawayi. A kansa na ƙarar da ƙuruciyata, kuma da shi Allah Ya rufa mini asiri har yau. Ɗalibaina mata sun daɗe suna matsa mini in faɗi yadda na shiga wannan fanni da abin da na tarar a ciki, musamman waɗanda bincikensu ya cije suka fara tunanin ajiye shi. Saboda su na zauna na rubuta wannan.

Ba ni na zaɓi fannin ba. Da na gama digirin farko a kimiyyar sinadarai, raina yana kan harkar magunguna, amma da aka zo rabon ɗaliban digiri na biyu sai sunana ya faɗa hannun wani malami da ba ya taɓa komai sai mai nauyi da kwalta. Ban ji daɗi ba, kuma fuskata ba ta ɓoye ba. Bai ce mini komai ba, sai ya miƙo mini kwalbar baƙin mai da kwalabe biyu na ruwan sinadaran narkarwa garai-garai, ɗaya tolwin ɗaya heptan. Ya ce in ɗiga man a cikin tolwin. Ya narke sarai, ruwan ya koma ruwan kasa mai duhu. Ya ce in auni wani in zuba masa heptan ninki 40, in rufe in bar shi ya kwana. Washegari na tarar da baƙin gari kwance a ƙasa. Na tace, na wanke, na busar, ya fito yana ƙyalli, in ka murza shi ya rududduge a yatsa.

"Kin ga asfaltin ke nan," in ji Malam. "Abin da ya narke a tolwin, ya ƙi narkewa a heptan. Ma'anarsa ke nan, babu ƙari."

Na ce, "Malam, to mene ne tsarinsa? A zana mini molekul ɗin."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce in na samo masa zanen ya ba ni kujerarsa.

Sai daga baya na gane dalilin dariyar. Ruwa sinadari ɗaya ne, tolwin sinadari ɗaya ne, kowanne da zanen molekul ɗinsa, wato mafi ƙanƙantar ƙwayarsa, da nauyinsa. Asfaltin kuwa taron dubban sinadarai ne mabambanta da hali ɗaya ya haɗa su, wato ƙin narkewa a wani ruwa. Tun 1837 wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Boussingault, ya raɗa masa suna bayan ya tace kwalta ya ga abin da ya saura, amma har yau da hanyar cire shi ake bayyana shi. Ka canja heptan ka sa fentan, ɗan'uwansa da ya fi shi sauƙi, garin da za ka samu ya fi yawa, kuma halinsa ya bambanta. Ka canja tsawon jira ko yawan wanki, nauyin ya canja. A ɗakin gwaji mukan raba ɗanyen mai gida huɗu: masu sarƙar kabon zalla, masu zobe irin na tolwin, wasu masu danƙo da ake kira rezin, sai asfaltin a ƙarshe, wanda ya fi kowa nauyi da duhu. A jikinsa ne sulfa da naitirojin da oksijin suka fi taruwa, haka ma ƙarafan banadiyam da nikel da ke kashe sinadaran da matatu ke amfani da su wajen fasa mai. Waɗannan ƙarafa da yawansu suna zaune ne a tsakiyar wani zobe da ake kira forfirin, ɗan'uwan sinadarin da ke sa ganye kore. Alfred Treibs na Jamus ne ya gano su cikin mai a shekarun 1930, kuma suka zama hujja mai ƙarfi cewa asalin man fetur halittu ne da suka taɓa rayuwa. Ranar da na karanta wannan na daɗe riƙe da takardar tacewa ina kallon garin, ina tasbihi a raina. Daga nan ne fa na daina ganinsa a matsayin datti.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne nauyin molekul ɗinsa. Ka buɗe wannan takarda ka ga an ce ɗari biyar, ka buɗe waccan ka ga dubu goma, wata tsohuwa ma ta haura dubu ɗari. Duk masana ne, duk da na'ura suka auna. Malam ya ce kada in ɓata lokaci wajen neman wanda ya yi ƙarya, in koma in karanta ilimin koloyid tukuna.

Koloyid shi ne yanayin da ƙananan ƙwayoyi ke rataye a cikin ruwa ko iska, ba su narke ba kamar gishiri, ba su kuma kwanta ba kamar yashi. Girmansu daga nanomita 1 ne zuwa kusan 1,000, nanomita kuwa shi ne ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Hayaƙi, hazo, fenti, tawada, ruwan laka da ya ƙi washewa, duk 'yan gida ɗaya ne. Thomas Graham na Sikotilan ne ya ware su a matsayin aji na musamman a 1861. Abin da ke hana su kwanciya abu biyu ne. Na farko ƙanƙanta: a lissafin Stokes, in ka rage faɗin ƙwaya sau 10, saurin nutsewarta ya ragu sau 100. Na biyu kuwa molekul ɗin ruwan ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna dukan ƙwayar ta kowane gefe, sai ta riƙa rawar nan da Robert Brown ya gani a 1827, wadda Einstein ya yi wa lissafi a 1905, Jean Perrin kuma ya tabbatar da awo bayan 'yan shekaru. Muddin ƙwayoyin ba su manne da juna ba, za su iya shekara da shekaru a rataye. Da zarar sun fara cin karo suna mannewa, gudaji sun fara girma, to kwanciya ta zo.

Nan amsar rikicin nauyi take. Asfaltin yana da son junansa. Molekul ɗinsa na da faffaɗan tsakiya na zobban kabon da ke jingina kan juna, don haka yawancin tsofaffin na'urori ba molekul ɗaya suke aunawa ba, curi suke aunawa. Wanda ya auna a ruwa mai kauri ya sami babban adadi, wanda ya tsinka ruwan ya ɗumama shi ya sami ƙarami. Sai a 1999 Henning Groenzin da Oliver Mullins suka auna saurin juyawar molekul ɗin da haske a ruwan da aka tsinka ƙwarai, suka sami matsakaicin da ke kusa da 750. An yi ta musu a kai, amma na'urorin awon nauyi na zamani sun tsaya ne a wannan yanki.

Tunanin cewa kwalta koloyid ce ba sabo ba ne. Nellensteyn na Holan ya kawo shi a shekarun 1920, sannan a 1940 Pfeiffer da Saal suka ce rezin ne ke lulluɓe ƙwayoyin asfaltin yana hana su haɗuwa, in aka wanke rezin ɗin da heptan sai su dunƙule su faɗo. Da wannan bayani aka yaye ni, kuma da shi na shiga aikin da Malam ya ɗora mini.

Aikin a baki mai sauƙi ne. In riƙa ƙara wa ɗanyen mai heptan kaɗan-kaɗan, ina ɗibar ɗigo ina dubawa a maikuroskof, har in ga lokacin da ƙwayoyin farko suka bayyana. Wannan adadin heptan shi ake kira matakin fara zuba, kuma a lokacin kowa ya yarda cewa kowane mai yana da nasa mataki guda ɗaya tak, kamar yadda ruwa ke da matakin tafasa. Nawa dai in samo wannan adadi ga ire-iren mai daban-daban in jera su a jadawali.

Adadin ya ƙi tsayawa. Yau in samu kaza, jibi in maimaita da mai ɗaya da heptan ɗaya in samu ƙasa da haka. Kwalbar da na duba da safe na rubuta cewa babu komai, in na koma mata bayan hutun ƙarshen mako sai in tarar da ƙwayoyi fal suna rawa. Na canja kwalabe, na canja murfi don kada a ce heptan ke tsiyayewa ko iska ke shiga, na rufe wasu da naitirojin, na ajiye wasu a duhu. Duk a banza. A taron da ɗalibai ke gabatar da sakamako, wani babban malami daga wani sashe ya dubi jadawalina ya ce a gaban jama'a wannan aikin wanda bai iya wanke kwalba ba ne. Wani kuma ya ce da ma irin wannan aiki mai wari da datti ba na mata ba ne. Ban amsa ba. Na koma ɗakin gwaji na zauna a bayan akwatin zuƙe hayaƙi na yi kukana. A gida ma ba sauƙi: kullum kaina na ciwo saboda warin tolwin, rigunan aikina sun yi baƙin tabon da sabulu ba ya fitarwa, ga mahaifiyata da ke cewa, "Yanzu ke duk karatun nan a kan kwalta kike yinsa? Abin da ake shimfiɗawa a titi a taka?" Har takardar neman canjin malami na rubuta na ajiye a jaka.

Wanda ya tare ni wani dattijo ne mai kula da kayan ɗakin gwajin, wanda dukanmu muke kira Baba. Ba shi da babban digiri, amma ya girmi yawancin na'urorin da ke ɗakin. Ya ce, "'Yata, na ga yadda kike wanke kwalba, ba daga nan ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Kina rubuta nawa kika zuba, amma kina rubuta ƙarfe nawa kika zuba da ƙarfe nawa kika duba?" Na ce, "Baba, ai littafin hanyar gwajin bai nemi haka ba." Ya ce, "To ke ki nema."

Na ƙara layi biyu a littafina. Na kuma daina zubar da kwalaben da ba su nuna komai ba, na jera su a kanta ina bin su kullum. Da sakamakon ya taru sai ga tsari ya fito fili. Inda heptan ya yi yawa, ƙwayoyi kan bayyana cikin mintuna. Rage shi kaɗan, sai sa'o'i. Ƙara ragewa, sai kwanaki, har makonni. Ashe duk adadin da nake samu daidai ne, kowanne da tsawon jiransa. Maikuroskof na haske ba ya ganin abin da bai kai kusan rabin maikuromita ba, wato nanomita 500. Ƙwayoyin sun riga sun fara mannewa tun daga lokacin da heptan ya shiga, sai dai inda ya yi kaɗan ba kowane karo ne ke kai ga mannewa ba, don haka sukan daɗe kafin su kai girman da ido zai kama. Abin da muke kira matakin fara zuba, a gaskiya matakin fara gani ne.

Na kai wa Malam. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce in maimaita da wani mai. Muna cikin haka, a 2009, sai ga takarda daga Jami'ar Michigan ta Amurka, daga ɗakin gwajin Farfesa Scott Fogler, shi da Tabish Maqbool da wani abokin aikinsu, suna nuna abu ɗaya: lokacin bayyanar ƙwayoyin na iya kamawa daga mintuna zuwa watanni, ya danganta da yawan heptan. Malam ne ya buga ta ya kawo mini da hannunsa. Na ji abu biyu a lokaci guda, daɗin cewa ashe ba hauka nake ba, da ɗan zafin cewa an riga mu bugawa. Malam ya ce, "Ki gode wa Allah. Da ke kaɗai kika faɗa, da shekara goma za ki yi kina rantsuwa." Ya sa aka kira Baba ya nuna masa zanen, ya ce layinka biyu ne suka haifi wannan. Shi kuwa mai maganar wanke kwalba bai taɓa dawo da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

A digiri na uku na koma kan kauri, wato yadda mai ke ƙin gudana. Masu harkar mai suna auna nauyinsa da ma'aunin API: ruwa yana kan 10, duk man da ya gaza 22.3 mai nauyi ne, wanda ya gaza 10 kuwa ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake. Irinsa ne jibge a yankin Orinoko na Benezuwela da Atabaska ta Kanada. A ma'aunin kauri na sentifoyis ruwa yana kan 1, kwaltar Atabaska kuwa a sanyin ƙarƙashin ƙasa tana haura miliyan. Amma a hura mata tururi zafinta ya kai wajen digiri 200 na Salshiyas, sai ta sauko kusa da 10. Wannan faɗuwar ce ta sa ake iya haƙo ta da tururi, kuma da ta huce dole a sirka ta da mai sauƙi kafin ta bi bututu.

Na riƙa cire asfaltin daga mai nauyi, sannan in mayar da shi kaɗan-kaɗan ina auna kauri. Einstein ya yi lissafi cewa in ƙwayoyi masu tauri ne, zagayayyu, 'yan kaɗan, kowane kashi 1 cikin 100 na wurin da suka cika zai ƙara kauri da kashi 2.5. Asfaltin ya fi haka nesa ba kusa ba, domin curinsa ba dunƙulallen dutse ba ne, sako-sako ne, yana riƙe da mai a cikinsa, sai ya cika wurin da ya fi nauyinsa. In yawansa ya wuce wani mataki curin su fara taɓa juna, kaurin ya yi tsalle. Wannan ne ma ke faruwa da kwaltar titi: iska da rana na sa oksijin ya shige ta a hankali, kason asfaltin ya ƙaru, ta yi tauri ta fara tsagewa. Da na bayyana wa mahaifiyata haka ta ce to yanzu ta ga amfanin karatun, sai in je in gyara titunan.

Mai shakkar cewa kwalta ruwa ce ya nemi labarin gwajin Jami'ar Queensland a Ostireliya. A 1927 Thomas Parnell ya zuba baƙar kwalta mai taurin da guduma ke farfasa ta a cikin mazurari, ya bar ta ta zauna, ya yanke bakin mazurarin a 1930. Ɗigo na 9 ya sauka ne a 2014. Kaurinta ya ninka na ruwa fiye da sau biliyan 100. Nakan ba sababbin ɗalibai wannan labari in sun fara ƙorafin cewa gwajinsu na cin lokaci.

Bayan karatu na sami aiki a wani ɗakin gwaji da ke karɓar samfur daga rijiyoyin mai, kuma a can ne aka rushe mini wani tunanin. Hankali zai ba ka cewa man da ya fi yawan asfaltin shi zai fi toshe bututu. Akasin haka ake yawan gani. Man Boskan na Benezuwela na ɗauke da kusan kashi 17 cikin 100 na asfaltin, an daɗe ana haƙarsa ba tare da wannan matsala ba. Man Hassi Messaoud na Aljeriya mai sauƙi ne, asfaltin ɗinsa bai kai ko kashi 1 ba, amma ya yi suna wajen toshe rijiyoyi. De Boer da abokan aikinsa sun bayyana dalilin a 1995. Asfaltin kamar baƙo ne da zamansa ya dogara ga masu masauki: a mai nauyi yana kewaye da dangi masu zobe da ke riƙe shi, a mai sauƙi kuwa maƙwabtansa gas ne da ƙananan sinadarai irin heptan da ba sa ƙaunarsa. A can ƙasa matsi mai yawa ya danne waɗannan ƙananan. Da man ya kamo hanyar sama matsi ya ragu, sai su kumbura su cika wuri, man ya rage ƙarfin narkarwa, asfaltin ya fara fita. Abin ya fi muni daf da matakin da gas ke fara tasowa ya rabu da mai. In gas ɗin ya fice, man da ya saura ya koma mai iya riƙewa, har wani kason asfaltin ya sake narkewa.

Saboda haka samfurin da aka ɗebo a bakin rijiya cikin buɗaɗɗiyar kwalba ba ya faɗin gaskiyar abin da ke faruwa a ƙasa. Dole a ɗauko shi a tulun ƙarfe da ke riƙe matsinsa, a sa shi a na'ura mai tagar gilashi, a riƙa sassauta matsin a hankali ana harba hasken infared ta cikinsa, tunda hasken da ido ke gani ba ya ratsa baƙin mai. Da ƙwayoyi sun fara fita hasken da ke isa ɗaya gefen sai ya faɗi. A nan ma agogo na aiki: wanda ya sassauta matsi da sauri zai ba ka adadi daban da na wanda ya bi a sannu. Na sha jayayya da injiniyoyi a kan wannan. Su adadi ɗaya suke so su sa a kwamfuta, kuma ban ga laifinsu ba, rijiya ba ta jiran falsafa. Amma ban taɓa sa hannu a rahoton da ba a rubuta saurin sassautawa da tsawon jira a gefen adadin ba.

Gwajin da na fi so a duk aikin nan shi ne na ɗigon ruwa. Za ka rataye ɗigon ruwa a bakin allura cikin tolwin mai ɗan asfaltin, ka bar shi ya jima, sannan ka zuƙe ruwan baya a hankali. Maimakon ɗigon ya ƙanƙance sumul, sai ka ga ya yamutse, saboda asfaltin ya taru a iyakar ruwa da mai ya yi masa fata. Wannan fatar ce ke hana ɗigogin ruwa haɗewa a cikin ɗanyen mai, shi ya sa raba mai da ruwa ke cin zafi da magani da lantarki kafin a tura shi matata. Duk ɗalibar da na nuna wa wannan sai ta nemi a sake.

Fannin ya ci gaba a gabana. A 2010 Mullins ya gyara tsarin da Teh Fu Yen ya fara kawowa a 1961 daga awon hasken eksire, ya ce hawa uku ne: molekul, sai ƙaramin curi na kamar molekul 6 mai faɗin wajen nanomita 2, wanda ke fara haɗuwa a tolwin tun a kusan miligiram 100 cikin lita, sai babban curi na wajen nanomita 5 in yawan ya kai 'yan giram a lita. Abin lura shi ne a tolwin zalla, babu rezin ko kaɗan, asfaltin na zaune lafiya. Wannan ya raunana bayanin 1940 da aka koya mini, kodayake ni ban yarda a jefar da shi gaba ɗaya ba, don na ga yadda ƙara rezin ke jinkirta zuba da idona. A 2015 masu bincike a ɗakin gwajin IBM na Zurich suka ɗauki hoton molekul ɗin asfaltin ɗaya-ɗaya da na'ura mai tsinin allura, sama da 100, yawancinsu da tsakiya guda mai zobba da yawa. Na buga hotunan na kai wa Malam, lokacin ya yi ritaya, na ce, "Malam, ga zanen, ina kujerata?" Ya juya takardar ya ce, "Na ce ki kawo zane ɗaya, kin kawo ɗari, kuma babu biyu masu kama." Daga 2017 kuma masu babban maganaɗisun awon nauyi a Florida suka nuna cewa akwai masu tsakiya da yawa haɗe da gajerun sarƙoƙi, waɗanda tsofaffin hanyoyi ba sa kamawa da kyau. A ganina tsarin Yen da Mullins taswira ce mai amfani, ina koyar da ita, amma ina gaya wa ɗalibai kada su riƙe lambobinta kamar an saukar da su.

Da dokar rage sulfa a man jiragen ruwa ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100, aiki ya yi mana yawa. Masu haɗa mai suka koma sirka ragowar matata da mai sauƙi don sulfa ta sauka, wato kusan abin da na yi da heptan a ranata ta farko. Mai biyu, kowanne lafiyayye shi kaɗai, in aka haɗa su a tanki ɗaya sai laka ta fito ta toshe matatun injin. Wani lokaci kuma gaurayen ya ci gwaji a ranar da aka haɗa shi, ya zubar da laka bayan ya yi makonni a tanki.

Yanzu na koma koyarwa, kuma abin da ke gabanmu ni da ɗalibaina shi ne bambancin zuba da mannewa a bango, don ba abu ɗaya ba ne. Muna tura mai da heptan ta siririn bututun ƙarfe muna auna yadda matsi ke hawa. Abin da muke gani shi ne manyan gudaji sukan bi ruwa su wuce, ƙananan da ba su kai maikuromita ba su ne ke laɓewa a bango su gina toshiya. Kwanakin baya wani kamfani ya kawo mana maganin da yake sayarwa don hana asfaltin zuba. A kwalba ya yi abin a yaba, ya hana gudaji girma, ruwan ya daɗe bai kwanta ba. A bututu kuwa toshiyar ta fi ta man da ba a sa wa komai ba, don ya tsayar da ƙwayoyin a daidai girman da ya fi mannewa. Wakilinsu ya kira ni yana cewa, "Dakta, ai gwajin kwalba shi kowa ke amfani da shi, a bar na bututun mana." Na ce masa ba girin-girin ba dai, ta yi mai, kuma rijiyar wanda zai sayi maganin bututu ce, ba kwalba ba. Rahoton ya tafi da sakamakon biyu, kowanne da zafinsa da saurin gudunsa da tsawon jiransa. Sun biya kuɗin aikin, kuma a watan da ya biyo baya suka aiko da wasu magunguna uku a gwada musu, wannan karon suka ce a fara da bututu.